Tukunyar Gidan Alhaji Dikko

Cha'ibu tela bai taɓa mallakar rumbu ba tunda aka haife shi, amma a shekarar da damina ta ƙi, zamanin mulkin soja, babu rumbun da ya kai nasa suna a duk ƙasar Tasawa.

Aikin Danda ne, shugaban 'yan wasan kwaikwayon samariya, ƙungiyar matasan gari. Shi ya dubi Cha'ibu, ya ga Allah ya yi masa kumatu da tumbi irin na gado, wanda yunwa ba ta saurin cinyewa, ya ce shi zai fito a Alhaji Dikko, ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi sai ya yi tsada. Masu telebijin suka zo daga Yamai suka ɗauki wasan. Rumbun na aro ne, buhunan ciki yashi ne, geron da aka barbaɗa a bakinsu tiya guda ce, ita ma mai ita yana tsaye yana jira a gama ya tattare abinsa.

Aka nuna wasan, aka kuma maimaita. Telebijin ɗin gidan samariya ake fitowa da ita fili bayan magariba, a ɗora kan tebur, gari ya taru. Da farko Cha'ibu ya ji daɗinsa ƙwarai. Ko'ina ya gifta sai ka ji "Alhaji Dikko, a buɗe rumbu", shi ko ya murtuke fuska ya shafa tumbi, a fashe da dariya.

Amma dariya ba ta cika ciki. Mutumin da bai ci ba ba ya ɗinka riga, keken ɗinkin Cha'ibu sai ya wuni bai yi ƙara ba. Ranar da ya daure ya shiga layin da sojoji ke rabon jar dawa, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Alhaji, kai ma?" Layi ya ɗauki shewa, har sojan da ke awo ya dara. Cha'ibu ya taya su, ya nuna kamar wasa ya kawo shi, ya naɗe buhunsa ya koma gida. Bai sake zuwa ba. Mutum ne da zai iya kwana uku da yunwa, amma ba zai iya minti uku ana kallonsa da tausayi ba.

Gidansa 'ya'ya uku ne da matarsa Hindu. Abin da ake samu bai wuce koko sau ɗaya ba, wata rana ma babu. Hindu kan hura wuta da la'asar ta ɗora tukunyar ruwa, don maƙwabta su ga hayaƙi su ce gidan tela ana girki.

Wata la'asar yana zaure aka yi sallama. Tsohuwa ce, doguwa, busasshiya, da 'yar ƙwarya a hannu. Sunanta Mairo, daga Kona take, cikin mutanen ƙauye da fari ya koro suka kafa bukkoki a bayan gari. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Alhaji, ba da yawa ni ke so ba. Ko rabin tiya na gero. Jar dawar ga ta ƙi cikina."

"Inna, ni ba Alhaji ba ne. Tela ne ni. Wancan wasa ne."

"Da idona na gani," in ji ta. "Sau ukku. Buhu bisa buhu."

Ya yi mata bayanin yashi, ya yi mata bayanin Danda. Ta saurara tana gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin ƙaryar masu kuɗi. Can ta shaƙi hayaƙi, ta miƙe.

"To in babu ɗanye, akwai dafaffe. Bari in jira tuwo wajen uwargida."

Kafin ya tare ta har ta shige. Ya biyo ta da sauri. Hindu na zaune gefen murhu, yara na kwance a tabarma, ba mai wasa a cikinsu. Maƙwabciyarsu kuma ta leƙo ta kan dangar kara tana shanya. Tsohuwa ta isa murhu ta ɗaga murfin tukunya.

Ruwa ne ke tafasa, fari tas.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta dubi Hindu wadda ta sunkuyar da kai. Cha'ibu ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Yana jiran ta buɗe baki, gobe zancen ya zaga kasuwa.

Ta mayar da murfin a hankali, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan danga.

"Tuwon ga da saura, ɗiyata. Ni ba ni iya jira, sai na komo."

Washegari da hantsi ta dawo da ƙwarya a rufe da faifai. A bakin zaure ta shaida wa duk mai son ji cewa Alhaji ya ɗauke ta aikin daka. Da ta shiga ciki ta buɗe ƙwaryar, 'ya'yan anza ne, itacen dajin nan da mutanen ƙauye ke komawa gare shi idan hatsi ya ƙare. Hindu haifaffiyar gari ce, ba ta taɓa dafa shi ba.

"In kin yi gaggawa ɗaci shina kashe maki baki, ya ɓata ma yara ciki," in ji Mairo. "Jiƙa shi za ki yi kwana huɗu, kullum ki zubda ruwan ki sake. Wanga na jiƙa shi tuni, aza tukunya."

Ran nan abin da ya tafasa a gidan ba ruwa ba ne. Yaran suka ci suna yamutsa fuska, suka kuma miƙo kwano.

Haka ta riƙa zuwa kullum. Da asuba ta bi matan bukkoki daji, da hantsi ta iso. Ranar rabo ta kawo rabin jar dawarta a ƙunshe cikin zane, ta ce ai dama ta ƙi cikinta. Faɗa kuwa ba ta raga wa kowa. Ta ce Hindu ba ta iya tankaɗe ba, ta ce Cha'ibu ƙato ne na banza, ya ɗauki gatari ya bi ta daji ko ya ji kunya da dalili. Ya bi ta, ta ƙofar baya.

Wata rana suna dawowa ya tambaye ta abin da ya sa take wannan wahala a kan mutanen da ba ta haɗa komi da su ba.

"Jikokina biyu na binne tsakanin Kona da nan," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Naka ukku ba su bin su ina kallo."



Wata biyar aka yi haka. Da ruwa ya sauka sosai aka ce mutanen bukkoki su koma garuruwansu, za a ba su iri. Cha'ibu ya tattara ƙyallayen da suka rage masa ya ɗinka mata riga, kowane hannu da launinsa. Ta juya ta, ta ce ɗinkin ba laifi. Ranar tafiya ya ɗauki ƙunshin kayanta ya ɗora a ka, ya sa ta gaba suka ratsa kasuwa zuwa tasha.

Abin kallo ya samu. Masu tebur suka miƙe, Danda ma yana wajen mai shayi, ya taso yana dariya.

"Alhaji Dikko da dako? Yau kuma wane wasa ne? Mai aikin taka ce ka ke ma ɗaukar kaya?"

Mairo ta harari Cha'ibu, alamar ya yi shiru ya wuce. Ya tsaya cak da kaya a kansa. Kunyar tana nan, yana jin ta har cikin ƙashinsa, amma godiyar ta fi ta nauyi.

"Ba mai aikina ba ce," in ji shi, yadda kowa zai ji. "Gidana babu ko ƙwaya tun kaka. Ruwa muka riƙa dafawa don ku ga hayaƙi. Wagga tsohuwa ita ta ciyar da ni da ɗiyana wata biyar."

Dariya ta ɗauke. Danda ya sauke kofin shayinsa, wani mai goro ya kau da kai.

"Kai dai ba ka da wayo," in ji Mairo a hankali. "Duk wahalar da na sha ina rufe maka."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ya yi sauri kada motar Kona ta cika.