Hannun Famfo

Da masu haƙa suka gama famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu, ni suka koya wa gyaransa, don maza sun ce aikin ya yi musu kaɗan. Tun daga nan ake ce mini Mai Sifana.

Famfon nan yana da halinsa. Da rani, in ya ba da bokiti sittin sai ya fara tari, dole a bar shi ya huta har la'asar. Kowa ya san haka, har da yayan mijina, shugaban kwamitin ruwa. Amma da ya tashi gina shago, sai leburorinsa suka riƙa sammako da durom suna buga bulo. Kafin mata mu fito, ruwa ya ɗauke. Muka koma tafki, inda shanu ke sha suna fitsari.

Ba a yi sati biyu ba gudawa ta kama jikata, 'yar wata takwas. Maɗigarta ta faɗa, kuka ma babu hawaye. Malamar asibiti ta ce a riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari, amma da ruwa mai tsabta. "In ta yi fitsari, Inna, ta tsira."

Kofi ɗaya tak na ɗauka na je famfo. Na tuƙa, na tuƙa, sai iska. Ga bulo jere a rana, an yayyafa musu ruwa sun sha sun ƙoshi. Wallahi ban taɓa jin zafin rai irin na ranar ba. Na ɗauko sifana, na kwance noti, na zare hannun famfon na saɓa a kafaɗa.

Sai ga Yaya a guje, riga na tashi.

"Ke! Kin haukace ne? Kayan jama'a ne fa!"

"Na sani, Yaya. Bulo dai ba ya cikin jama'a."

"Mayar da shi ko in kira mijinki!"

"Kira shi. Yana can rungume da jikarsa, yana duba ko za ta kai magariba."

Ya miƙo hannu zai ƙwace. Sai matarsa, wadda ke tsaye da bokitinta wayam, ta ajiye shi ta kama ɗaya bakin ƙarfen.

"Nauyi gare shi," ta ce da ni. "Mu je in taya ki."

Da la'asar na mayar da hannun. Kofina aka fara cikawa. Cokali-cokali na riƙa ɗura wa yarinyar, ina roƙon Allah.

Tun ranar hannun famfo a ƙarƙashin gadona yake kwana, ba ya fita sai mata sun jera bokiti. Shagon Yaya ya tsaya iya taga, gaisuwata ma ya daina amsawa. Can ta matse masa.

Ni dai abin da na sani, washegarin ranar da na fara zare hannun, da hantsi na ji ɗumi a cinyata. Na duba, zanena ya jiƙe sharkaf, jikata kuma tana ta ƙifta mini ido.