Kafinta a Ƙarƙashin Teburin Kwamiti

Wata biyu Kafinta ya yi yana zarya zuwa banki, har mai gadi ya daina tambayarsa wurin wa ya zo. Rance yake nema ya sayi injin yanka katako, don wata makaranta ta yi masa alkawarin aikin benci ɗari uku, in zai gama kafin yara su dawo daga hutu. Da zarton hannu ba zai gama ba. Ya kuma yi lissafinsa tsaf: in kuɗin ruwa ya haura kashi ashirin cikin ɗari, to bauta kawai zai yi wa banki.

Kullum ma'aikaciyar da ke kan kanta amsa ɗaya take ba shi. "Baba, ba mu ke yanke ruwa ba, kasuwa ce ke yankewa." Shi kuwa bawan Allah ya yarda, yana ganin kasuwa ba ta san fuskar kowa ba.

Ran nan yana zaune a layi sai masinja ya taɓa shi. "Malam, ba kai ne kafinta ba? Teburin ɗakin taro ne ke rawa, zo ka duba mana."

Ya hau sama da jakarsa, ya kwanta rigingine ƙarƙashin tebur. Bai daɗe ba kwamitin rance ya shigo. Manaja ya leƙo ya ce, "Ci gaba da aikinka." Da ma wa ke ɓoye magana don mai gyaran tebur? Daga inda yake, takalma kawai yake gani, duk sun sha mai suna walƙiya.

Aka fara da takardar surukin shugaban banki, wanda ya ce zai shiga sana'ar kayan katako. Akanta ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, na bara fa bai biya ba."

"Irin wannan mutum ba a cewa bai biya ba," in ji Manaja. "Bai samu sukuni ba ne. Ba shi a kashi tara."

"Giɓin fa?"

"Ƙara wa ƙananan nan na ƙasa biyu-biyu. Su ai suna biya, tsoron kunya gare su."

Aka yi dariya irin ta ƙoshi, aka buɗe ruwan roba. Can sai Kafinta ya ji an karanto sunansa da na shagonsa.

"Rance biyu ya karɓa a baya," in ji Akanta, "ko kwana ɗaya bai taɓa latti ba."

"Wa ya tsaya masa?" in ji Manaja.

"Kayan aikinsa ya sa jingina."

"Na ce wa ya san shi?"

Wani takalmi ya sosa ɗan'uwansa.

"Ka gani? Haɗari ne. Talatin da biyu."

Kafinta na kwance da ƙusa biyu a baki. Ashe ita ce wannan kasuwar da ake ta faɗa masa, ga ta zaune a kansa tana kaɗa ƙafa. Ya so ya bar musu teburin da rawarsa, amma hannu bai saba da aikin ha'inci ba. Ya ɗaure ƙafar tamau. Da ya fito ya faɗi kuɗin aikinsa, Manaja ya riƙe baki. "Haba malam, ku masu sana'a ba ku da tausayi!" Ya ba shi rabi.

Bai sa hannu a takardar rancen ba. Matarsa ta ce, "Maigida, gara haka da mu sayar da gado." Makaranta ta jira mako guda, sannan ta ba wani.

Bayan kwana goma wata mota ta tsaya ƙofar shagonsa. Direban surukin shugaba ne ya fito. "Oga ya samu aikin benci ɗari uku, ga inji sabo dal a leda, amma babu wanda ya iya kunna shi. An ce kai ne gwani. Kuɗin yini za a riƙa biyanka."

Kafinta ya dubi shagonsa da babu aiki ko na kujera ɗaya, ya tuna bakuna shida da ke jiransa a gida. Ya ɗauki jakarsa.

"Ƙarfe nawa ake farawa?"