Kwalbar da Aka Roƙa Kada Ta Washe

Ɗigo ɗaya na ruwan ƙurar azurfa ta zuba a kwalbar farko, ruwan rawaya ya fara washewa. Shekara uku ke nan ɗalibar tana haɗa wannan ƙurar azurfa, wadda ido ba ya gani, don ta karya gubar da masana'antun fenti ke zubarwa a ruwa. Jibi za ta kare aikinta gaban malamai.

Sai ta waiga ga kwalba ta biyu, wadda ba ta sa wa ƙurar ba don a ga bambanci. Ita ma ta washe tas. In ruwan yana washewa da kansa, ƙurarta ba ta yi komai ba ke nan.

"'Yar Sauri, wa ya rasu?" in ji Inna mai wanke kwalaben ɗakin gwajin, tana goge hannu da rigar aikinta. Tsohuwar na iya kwashe rabin yini kan kwalabe goma, ɗalibai har tsokanarta suke.

"Aikina ne ya rasu, Inna."

Inna ta leƙa kwalba ta biyun, ta sa hantsaki ta zaro ɗan farin maganaɗisun da ke juya ruwan. Ta ɗaga shi saitin taga.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni. Na ga kin yi nisa da aiki."

"Da me?"

"Sabulu."

Inna ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ƙurar taki da kike yabo, ita sabulu zai kora? Dubi tsagar nan. Tun shekaranjiya take maƙale a ciki, aikinta take yi. Ba ni wuri."

Ta jiƙa shi a asid, ta ɗauraye sau bakwai, ba ta rage ko ɗaya ba. Ɗalibar ta tsaya tana cizon yatsa, kunya da ƙaunar tsohuwar suka cika ta.

Suka sake gwajin. Kwalbar farko ta washe cikin minti huɗu. Suka zuba wa ta biyu ido. Shekara uku tana roƙon Allah rawayar nan ta tafi, yau ga ta tana roƙon ta zauna.

Minti ashirin, rawaya tana nan daram. Ɗalibar ta zabura za ta kira farfesa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dawo ta ja kujera kusa da Inna.

"Mu ƙara mata awa ɗaya," in ji ɗalibar.