Saƙon Uwar Ikrama

Rekiya ta gyara zaman na'urar kunnenta, ta leƙa zauren otal ɗin ta gilashin ɗan akurkin da ake ajiye tafinta. Wata ƙungiyar ƙasar waje ce ta shirya taron, don murnar dimokuraɗiyyar da aka ce jiragen yaƙin Turawa sun kai wa Libiya bara. An jera ruwan gora da furannin roba, manyan baƙi Turawa sun hakimce da na'urori a kunne, suna jiran ta juya musu Hausa zuwa Turanci.

Shekara shida ke nan tana sammako daga Kubwa saboda wannan aiki, kuma ƙa'ida ɗaya ta riƙe: tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi. Amma da safen nan Oga Leonard, mai kula da taron, ya tare ta a bakin ƙofa da Hausarsa ta kasuwar Wuse.

"Rekiya, wannan tela in ya fara dogon magana, ka gyara shi kaɗan. Kwantiragi naka yana kan tebur nawa, ka gane?"

Ta gane sarai. Da kwantiragin nan take riƙe 'ya'yanta biyu.

Telan shi ne Malam Surajo, wanda suka ɗauko daga Karmo don ya ba da shaidar wuyar da ya sha a hannun tsohuwar gwamnatin Libiya. Ya miƙe cikin kaftani mai karin guga, ya kama makirfo da hannu biyu.

"Gaskiya ne, a da ba a magana," in ji shi. "Ko sunan mai mulki ba ka ambata da ƙarfi."

Ta fassara. Kawuna suka hau gyaɗawa, har da masu rubutawa.

"To amma shekara tara muna ɗinki ni da ƙanena Ikrama, ba wanda ya ce mana kanzil. Ran wata Talata na fita sayen zare, jirgi ya sako bam a layinmu. Da na dawo, ƙafar keken ɗinki kaɗai na shaida."

Ta soma faɗa yadda ya faɗa. Leonard ya ɗaga mata hannu, ta yi kamar ba ta gani ba. Sai jar fitilar gabanta ta mutu. Leonard na tsaye kan mai haɗa sauti, shi ya sa aka katse layinta.

Wato an tsallako teku da bama-bamai don a ba mutane bakin magana, ga shi minti biyu na maganar tela ya gagari masu taron.

Malam Surajo bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba. "Ni ban zo roƙon komai ba. Tsohuwarmu ce ta aiko ni. Ta ce tunda daga wajenku jirgin ya taso, in tambaye ku ko kun san inda aka binne Ikrama, don ta san inda za ta fuskanta in tana masa addu'a."

Ya tsaya yana jiran amsa. Baƙin da ba su ji komai ba suka ɗauka ya gama, suka kaure da tafi, wata ma har da miƙewa tsaye.

Ya dube su, ya juyo ya dubi gilashin. "Malama, me suka ce? Sun sani?"

Rekiya ta tuna da 'ya'yanta, ta tuna da kuɗin haya. Sannan ta cire na'urar ta ajiye, ta buɗe ƙofar akurkin. Ta ratsa tsakiyar zauren, ta wuce Leonard yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa, ta tsaya kusa da telan.

"Ba su ji ba tukuna, Malam," ta ce, ta miƙa hannu ta tallafi makirfon. "Sake faɗa daga farko, a hankali."