Ba a Kai wa Sansani Zangarniya

A bayan gidanmu na Kambaza akwai rumbun da namiji ba ya buɗewa. Kakata Goggo Albarka ta ce tun zamanin yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawa gidanmu zango ne. Mayaƙi ba ya iya ɗaukar abincin wata a bayan doki, don haka ake ajiye hatsi a gidajen kan hanya, jakai suna bin rundunar da guzuri daga zango zuwa zango. Maza suna fage, sai rumbun ya zauna a hannun mata. Ƙasar ginin an sake ta sau da yawa, amma al'adar ba ta motsa ba: kowace kaka a zuba dammunan gero, ba a ci a gida, ba a kai kasuwa.

Da Goggo ta rasu, ni ta bar wa. Lokacin ban daɗe da gama karatun tarihi ba. Bappa Sambo, ƙanen mahaifina kuma babban gida, ya ce rumbun ya tare masa wurin da zai gina shago. Ya ce yaƙi ya ƙare tun kafin a haifi kakansa, kuma da zarar an kwashe geron zai sa a rushe. Na ce masa ba ni da niyyar kwashewa.

Sai ga damina ta zo da ambaliya. Gulbi ya cinye gidajen Wurogauri, aka tara mutane a wata makarantar firamare a Kalgo. Gari ya tashi da gudummawa. Da hantsi na fito na tarar Bappa ya kawo mota ƙofar gida, ya sa tsani a jikin rumbun. Ya ce ga ranar amfaninsa ta zo, a loda dammunan yanzu a bi ayarin unguwa, ladan ya isa kowa. Na gane lissafinsa: sadaka ta tafi, fili ya samu.

Na riƙe ƙafar tsanin.

"Bappa, da wane turmi za su sussuke shi? Da wane icce za su dafa? Komi nasu na cikin ruwa."

"Ke Kubura, wanga boko naki ya ishe mu. Mai jin yunwa shina zaɓen abinci?"

Na ce ba boko ba ne, ka'idar rumbun ce: ba a kai wa sansani zangarniya, sai abin da za a dama a sha. Ya ce to in na ga dama in daka da haƙorana. Motocin unguwa suka tafi ba mu, direban motar da Bappa ya kawo yana yi mini kirarin sarauniyar rumbu.

Ni na hau, na ɗaga jinkar. Na bi gida-gida ina roƙon mata da turamensu. Wasu sun ce mazansu sun hana, wasu suka zo don Goggo. Salamatu maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya hutawa, ta dubi hannuna ta ce taɓarya ba alƙalami ba ce, in yi hankali kada ta rubuta mini suna a goshi. Muka yi sussuka, muka sheƙe, muka surfa. Rana ta ƙi fitowa, sai muka riƙa soya tsabar sama-sama a kasko don kada garin ya yi tsami, mu kai inji da citta da kanumfari. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, na ɗaure da tsumma na koma. A masallaci ana cewa 'yar gidan Sambo ta hana mabukata abinci don taurin kai. Na ji, ban ajiye taɓarya ba.

Ranar da muka isa Kalgo, buhunan masara da shinkafa na jingine a barandar aji, wasu sun fara tsiro saboda laima. Mata na jiran layin murhu guda da ɗanyen icce. Muka kwance buhunanmu. Da ruwa mai tsabta da kofi kawai, kafin azahar yaran da ke kukan yunwa sun yi shiru. Wata tsohuwa ta ɗanɗana, ta tambaye ni ɗiyar wane gida ce. Na faɗa mata da ƙarfi, har da sunan Goggo.

Na dawo na tarar rumbun fayau, kuma na san alkawarin Bappa. Bayan kwanaki ya zo da Ɗanjuma magini. Suka same ni ina kwaɓa ƙasa da ƙafa, ina yaɓe tsagar da ruwa ya yi a gindinsa.

"Wofi ne yanzu, Kubura."

"Geron gayaunata ya kusa nuna, Bappa, zan sake cika shi. Wanda zai rushe shi, sai ya fara da ni."

Ya daɗe yana kallon tsumman hannuna. Bai ce na yi daidai ba, kuma har yau bai ce ba. Ya dai juya ya nuna wa Ɗanjuma ɗan lungun da ke gefen zaure, ya ce a auna shagon a can, ko da zai yi ƙunci.