Wisam a Layin 'Ya'yan Mamaci

Ranar da aka binne Abu Rabi, mai gyaran jiragen kamun kifi a garin Saida, 'ya'yansa maza suka jeru a ƙofar zauren makoki, masu ta'aziyya na bin su da musabaha. Rabi ne a gaba, sai Fadi. Can sai ga Wisam ya zo ya tsaya na uku, cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa, gemunsa tsilli-tsilli kamar bai gama shawarar fitowa ba.

Duk unguwar da sunan Nuha ta san shi, 'ya macen Abu Rabi. Da wannan suna ya tafi Beirut, a can kuma ya baro shi.

Baffansu Abu Jamil ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Ke, hau sama wajen mata. Kada ki mai da mutuwar ɗan'uwana abin kallo."

"Baffa, ubana ne ya rasu. Nan 'ya'ya maza ke tsayawa."

"To tsaya, mu ga wanda zai ba ki hannu."

Ƙamshin gahawa mai ɗaci ya cika wurin, aka fara shigowa. Abu Salim mai burodi ya gama da Rabi da Fadi, na baya suka turo shi gaban Wisam. Ya miƙa hannu yana kallon bango. "Allah ya ba ki haƙuri."

Wisam ya ji addu'ar ta wuce ta gefen kunnensa, ta tafi neman wata da ba ta nan. In haka za a yi, zai wuni a tsaye ba wanda ya yi masa gaisuwar ubansa. Sai ya damƙe hannun ya ƙi saki.

"Wa kake yi wa ta'aziyya, Abu Salim? Ni dai tawa ba ta iso ba."

Layi ya tsaya cak har bakin titi. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Kai mai burodi, aure ake ɗaura maka a can? Rana na gasa mu!"

Zufa ta karyo wa tsohon. Ya ja, hannu ya ƙi fita. "To, Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Sakar mini, da shi nake murza ƙullu."

"Amin, na gode."

Na bayansa sun gani. Wasu suka faɗa daidai don tsoron riƙo, wasu suka kewaye shi kamar ginshiƙi, wani ma ya tofar da yawu ya fice.

Abu Jamil ya kama gwiwar hannun Rabi. "Kai ne babba. Fitar da ita."

Rabi bai yi wa Wisam magana ba tun tafiyarsa Beirut. Ya dube shi, ya dubi jama'a.

"Bar shi, Baffa. Ubansa ne."

Wisam ya miƙa wa na gaba hannu.