Motar Baba Kura a Hannun 'Yan Gwangwan

…a kilo kuma. Wai a kilo. Motar Baba Kura ce za a ɗora a sikeli kamar buhun gyaɗa?

Zulaikha tana tsaye a bakin zaure. 'Yan gwangwan uku na zagaya tsohuwar Fijo ɗin mahaifinta, wannan da guduma, wancan da gatari, ɗayan har da shurin taya — shuri fa. Shi kuwa Yaya Kyari ya harɗe hannu yana musu murmushi, ya rabu da ƙaya. Tun daga Roni ta taso, daga gidan mijinta, ko karyawa ba ta yi ba, don a ce mata me? Wai an riga an gama magana. Wai mota ta mutu, shekara biyu tana cin fili, kaji na ƙwai a ciki. Ta mutu? Wa ya ce masa…

Wace mai naƙuda ce a Kanya Babba motar nan ba ta kai asibiti ba? Shi kansa Kyarin, ran da ya faɗo daga mangwaro, ba a kujerar bayan nan aka shimfiɗe shi ba, yana ihu kamar akuya ta ga wuƙa? Butulu. Turaren wutar Ya Kura, mahaifiyarsu, har yau yana cikin kujerun nan, in da mai hanci.

Sun ciro gilashin baya. A hankali dai, marasa imani —

Hanyar kasuwar Babura, tana 'yar shekara goma sha biyu, tana zaune a bayan Baba. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, hannu ya shige ƙarƙashin kujera, ƙas, sannan ya murɗa makulli. Ta gani. Ya ga ta gani, ya ɗaga mata gira ta madubi.

"Wannan tsakanina da ke ne, Zulai. Kada yayanki ya ji."

Ɗan maɓalli ne mitsitsi, a Kazaure ya sa aka ɗaura masa, saboda Kyari ya iya satar makulli. In ba a danna shi ba, ko a tura ta har Gwiwa ba za ta tashi ba.

Kwana arba'in da rasuwar Baba, Kyari ya ɗare kujerar — kujerar Baba — yana ta cika baki zai sa ta haya, mutum goma a ciki, awaki a but. Ya murɗa, ya murɗa. Shiru. Ya kira bakaniken babur — na babur fa, jama'a — ya leƙa, ya ce inji ya buga. Ita tana tsaye a nan, daidai nan, bakinta gum. Gara motar ta zauna a gindin darbejiya da mutuncinta. Laifi ne? Amana aka ba ta. Amana ce…

Guduma. Murfin but ya faɗi ƙasa.

To daminar bara fa? A'a. Ba yanzu ba… Daminar bara, da Ya Kura ta yanke jiki ta faɗi. An ce Kyari motar ya fara rugawa, yana murɗa makulli yana kuka. A babur ya kai ta Kazaure, ɗaure a bayansa da zani kamar jaririya, ruwa na dukansu. Likita ya ce da an zo da wuri… Hannunta na dama bai ƙara ɗaguwa ba. Zulaikha tana Roni, sai washegari ta ji, ina laifinta? Da an kira ta ai da ta faɗa. Wa zai kira ta? Wa ya san akwai abin tambaya?

Ga Ya Kuran can a tsakar gida kan tabarma, hannun a cinya kamar ba nata ba, kowace guduma a kunnenta take sauka.

Kyari ya juyo. "Zulai, in akwai abin da kike so a ciki, ki ɗauka kafin su ciro kujerun."

Kujerun. Za su ɗaga ta direba, waya biyu za su biyo ta, da ɗan maɓallin a rataye. Ɗan gwangwan ya san mota, zai ce, Malam, ai ga abin da ya hana ta tashi. Kyari ba wawa ba ne. Zai tuna wa ke zama a bayan Baba.

Ko ta faɗa yanzu? Inji lafiyarsa ƙalau, sabon batir kawai, gatari bai kai can ba tukuna. Magana ɗaya, mota ta tsira. Magana ɗaya — Kyari zai waiwaya ya dubi hannun Ya Kura, sannan ya dube ta.

Tun safe take neman wanda ya kashe motar Baba. Ta zagi 'yan gwangwan, ta zagi bakanike, ta zagi Kyari… ta gaji.

Ta buɗe ƙofar direba, ta durƙusa. Turaren wuta, kashin kaji, hular Baba a maƙale. Yatsanta ya sami maɓallin a inda yake, da ɗan tsatsa. Ta fizge shi ta ɓoye a mayafi? Ta danna?

"Me kika samu?" in ji Kyari, yana tsaye a kanta.

Hannunta na ƙarƙashin kujera. Ta kasa fito da shi.